Tsohon Bakin Dam

Kwana biyar ke nan Rekiya, ma'aikaciyar gidan tarihi, tana ganin wani tsoho a bakin dam ɗin Ushafa. Yana zaune kan kututture, kafaɗu a zube, yana bin kwalekwalen da ke jan na'urar laluben ƙarƙashin ruwa da jajayen idanu. Ba ya tanka wa kowa. Tana zaton a ƙauyen da ruwan ya cinye aka haife shi.

Yau masu nutso sun fito da dutsen niƙa, duk gansakuka. Ya miƙe da ƙyar, ya daɗe yana shafa kwarminsa.

"Baba, ka san shi?"

"A'a, 'yata. Na mahaifiyata ya guntule a gefe." Ya koma ya zauna. "Gobe ma za ku shiga?"