Wada, Wanda Aka Haifa a Hanya

Wada bai san garin da za a ce nasa ne ba. Iyayensa, Malam Tsoho baduku da Asiya, sun baro ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar Hajji, guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka tsaya tsinkar auduga har shekaru. A wata bukka ta ma'aikatan gona aka haife shi. Yana goye aka tsallake teku da shi, ya yi wayo a unguwar Tandabawi da ke kusa da Harami, cikin ɗakin kwano da katako, inda uban ke ɗinka takalma uwar kuma ke soya gyaɗa.

Yana ƙarami aka soma faɗaɗa Harami. In an tashi daga makaranta, sauran yara su nufi ƙwallo, shi ya tafi ya jingina da shinge yana kallon injiniyoyi suna buɗe manyan takardu a kan benci, suna nuna sama da fensir, washegari ka ga ginshiƙi ya tsaya daidai inda suka nuna. Tun daga nan ya ce shi muhandis zai zama, wato injiniya. Lissafi kuwa ba ya ba shi wuya. Abokinsa Dawuda, wanda kakanninsa Hausawa ne amma shi da ubansa duk a nan unguwar Jarwal aka haife su, kullum a littafin Wada yake gane abin da ya shige masa duhu.

A shekarar 1964 suka gama sakandare. Da hantsi aka karanta sakamako a rediyo, unguwa ta taru a shagon mai shayi. Aka kira sunan Wada a sahun farko, Asiya ta rangaɗa guɗa daga bayan labule. Sunan Dawuda ya zo can ƙasa, amma ya ci.

Tare suka je neman gurbin karatun injiniya a Riyad. Jami'in da ke karɓar ɗalibai ya duba makin Wada, ya ce masha Allah, sannan ya miƙo hannu.

"Tabi'iyya fa?"

Takardar zama ɗan ƙasa ke nan. Dawuda ya fito da tasa. Wada ba shi da komai sai izinin zama na ubansa.

"Guraben kaɗan ne, ya waladi, na 'yan ƙasa ne," in ji mutumin, ba tare da faɗa ba. "Akwai 'yan kujeru na baƙi, amma ƙasashensu ne ke turo su. Ka je wajen naku."

Wada ya hau mota zuwa Jidda, ofishin jakadancin ƙasar iyayensa. Wani ma'aikaci mai fara'a ya zaunar da shi, ya tambaye shi inda aka haife shi. Wada ya amsa da Hausarsa da ke cakuɗe da Larabci, har mutumin ya yi murmushi. Ya ce a can gida ake zaɓen ɗaliban, daga makarantun can, kuma wanda aka haifa a Sudan sai an yi dogon bincike. Ya raka shi har ƙofa yana ba shi haƙuri.

Maganar ta zama abin gardama a shagon shayi har makonni. Kawun Dawuda, Alhaji Mukhtaru mai sayar da tasbaha, ya ce, "Kowace ƙasa 'ya'yanta take fara ciyarwa. Ba zalunci ba ne, nizami ne, tsarin ƙasa."

Wani tela, Rabi'u, ya ajiye kofinsa. "Nizami? Da farar fata gare shi da tuni an samo masa hanya. Mu dai Takari ne, ko mun shekara ɗari."

"To Dawuda fari ne? Ga shi baƙi kamar ni, an ɗauke shi."

"An ɗauki na ƙasa an bar na sama, Alhaji. Gada za su gina ko takarda? In ta rufta, tabi'iyya ce za ta tallafe ta?"

Wada yana gefe yana jin su. Kowanne ya yi magana sai ya ji kamar shi ne da gaskiya, kuma babu maganar da ta rage masa nauyin da ke ƙirjinsa. Shi ba cin gardama yake so ba. So yake ya zauna a aji, wani ya rubuta abin da bai sani ba a allo.

Dawuda ya same shi a bakin shagon Malam Tsoho, ya kasa haɗa ido da shi.

"Wallahi, ya akhuya, kujerarka ce. In ka ce kar in je, ba zan je ba."

"In ka zauna ba ni za a ba ba," in ji Wada. "Tafi. Kar mu yi biyu babu."

Ya raka shi tasha, ya ɗora masa akwati a saman mota. Da ya dawo, Malam Tsoho ya ce, "Da na san haka, da na lallaɓa da uwarka mun tsallako kafin ta haihu." Wada ya ce, "Baba, ba ku da laifi," ya shige ciki bai ci abinci ba.

Ya kama aiki wajen wani ɗan kwangila, daga auna ƙarfe har ya zama shugaban leburori, ana kiransa Mu'allim Wada. Ya auri Rumasa'u, 'yar maƙwabtansu, suka kama ɗaki mai bulo. Duk shekara yakan sake nema, duk shekara a ce masa ya jira sabon tsari. Da farko Dawuda kan kawo masa tsofaffin littattafai in ya zo hutu, Wada ya bi su da fensir bayan la'asar. Amma aiki ya yi yawa, ga haihuwa, ga wuraren da babu mai yi masa bayani. A hankali ya bari.

A 1969 Dawuda ya dawo da takardar shahadar injiniya, aka turo shi duba wani masaukin alhazai da su Wada ke ginawa. Suka rungumi juna a gaban ma'aikata. Dawuda ya baje zanen gini a kan buhunan siminti, ya soma bayanin dalilin da ya sa za a ƙara wa wani ginshiƙi ƙarfe, yana rubuta lissafi da sauri. Wada ya sunkuya yana bi. Layi na farko ya gane, na biyu ma haka, daga nan ya ɓace. Ya lura Dawuda ya san aikinsa sarai. Yaron da ke kwafa a littafinsa ya yi masa nisa da gaske.

Da aka tashi cin abincin rana, suka zauna a inuwar bango da gurasa da wake. Dawuda ya soma cewa zai yi wa wani babba magana, ko za a dace. Wada ya girgiza kai.

"Bar wannan. Ba ni labarin ajin."

"Wane aji?"

"Inda kuke zama. Tagogi nawa? Malamin yana barin a yi tambaya?"

Dawuda ya soma faɗa: kujeru hawa-hawa, allo mai zamewa sama da ƙasa, wani tsohon malami da ke manta allinsa a aljihu. Wada ya ajiye gurasar, ya jingina da bango yana saurare. Ma'aikata suka koma kan aiki, wani ya leƙo yana kiran Mu'allim, Wada ya ɗaga masa hannu ya ce ya ɗan jira.