Kiyashi a Tulun Sanchamaya

Duk ƙauyenmu, daga bakin rafi har gidajen da ke saman dutse, babu matar da ta kai Sanchamaya zargi. Ni maƙwabciyarta ce, na sha fama da ita. Tun tana amarya take dafa giyar tamba, da yis ɗin da take kwaɓawa da hannunta daga saiwoyin daji. Abin taƙamarta ɗaya ne: ba ta taɓa zuba sukari a tulu ba. A wurinta duk macen da ke ƙara sukari lokacin da giya ke tsima don ta yi ƙarfi, maha'inciya ce, magana ta ƙare. Shi ya sa in za a yi aure, ko a zuba wa kakanni rabonsu a kan duwatsun murhu, tata ake zuwa ɗauka.

In na miƙa mata tawa giyar, sai ta kurɓa, ta kanne ido ɗaya, ta kira sunana. "Kanchi, wannan giya ce ko shayi?" Haka take yi wa kowa, kuma abin yana ƙona mini rai.

Kwatsam bara mutane suka fara tashi da ciwon kai bayan sun sha tata. Aka shiga raɗe-raɗi a bakin famfo cewa akwai sukari a ciki, har maganar ta kai kunnenta. Ba ta yi musu ba, ta dai ce lallai wani ke shigar mata tulu don ya ɓata mata suna. Ta fara da Pabitra, matar ɗanta, ta hana ta shiga ɗakin ajiya. Daga nan ta juyo kaina.

"Haba Didi," na ce, don haka muke kiran yaya a wurinmu, "ni da sukarin shayina bai ishe ni ba, shi zan tsallako shinge in ba ki kyauta?"

"Oho dai. Mai ƙyashi ba ta rasa dabara."

Ta ɗaure bakin tulu da wani irin ƙulli nata, ta barbaɗa toka kewaye. Wata safiya ta ƙwala mini kira in zo in zama shaida. Babu sawun kowa a tokar, amma ga kiyashi sun ja layi daga gindin tulu, sun bi bango, sun shige aljihun kwat ɗin mijinta Harkaman da ke rataye a ƙusa. Ta zura hannu ta fito da sukari ƙunshe a ganye.

Harkaman tsoho ne marar hayaniya, na ɗauka zai rikice. Ko gezau bai yi ba.

"Kai?" ta ce. "Kai da nake ba ka kofin farko?"

"Ni ne, tsohuwa. Dakata."

Ya ɗauko wani ƙaramin tulu daga bayan kwando, ya ce wannan bai taɓa shi ba. Ya tace mata. Ta kurɓa, ta ɗaga kai. "Ka gani? Ga giya. Kanchi, sha ki faɗa masa."

Na sha. Ruwan tsami ne zalla, babu ƙarfi ko kaɗan. Na yi ƙoƙarin gyara fuska, na kasa, kuma idonta yana kaina.

"Tun da gwiwa ta hana ki hawa dutse neman saiwa, yis ɗinki ya mutu," in ji Harkaman. "Harshenki ma ya daina faɗa miki. Ban so a yi miki dariya ba."

Ta daɗe tana kallon kofin. Tausayinta ya kama ni, ni da na daɗe ina jiran ranar da za a kama ta.

"Wadda aka zuba wa kakanni ranar auren jikanmu fa?" ta tambaya.

Ya sunkuyar da kai.

Daga ranar ta bar wa Pabitra tulunanta. Har yanzu tana zuwa biki, ana miƙa mata kofi don girmamawa. Takan kurɓa, sannan ta saci kallon fuskar ta kusa da ita kafin ta ce da daɗi ko babu.