Kwanan Daji da Jaririya a Bakin Iyaka

Ana sallame sallar asuba muka bar Kende, ni da ɗan farina wanda ba na kiran sunansa, da direban a-kori-kurar da ke ɗauko masa kifi. Wata tunga muka nufa, can bakin ruwa dab da iyakar Benin, inda autata take aure. Haihuwa ta zo mata kafin a kawo ta gida goyon ciki, ruwa kuma ya ci rabin bukkokinsu. Na ce ba za a yi jegon jikata a cikin laka ba, sai na je na ɗauko su.

Direba ya faɗa mana tun a gida cewa da damina ba a zuwa can a dawo rana ɗaya, sai an kwana a daji. Don haka muka tsaya kasuwar Bagudo neman abin shimfiɗa. Mai shago ya fito da katifar da ake hura wa iska, ya faɗi kuɗin da zai sayi ɗan akuya. Na ce in kwanta a kan iska, ni tsuntsuwa ce? Ƙaya ɗaya ta gama da ita. Ya nuna mini tantin leda, na leƙa ciki na ji kamar tukunyar dambu. Na zaɓi tabarmar kaba guda biyu, da leda mai kauri ta shimfiɗawa a ƙasa saboda danshi, da bargon gwanjo. Duka ba su kai rabin kuɗin katifar ba. Sai na ɗauki sabon gidan sauro a cikin ledarsa. Ɗan nawa ya karɓe ya mayar.

"Inna, mi za a yi da wanga? Akwai guda cikin mota, na ɗauko daga gida."

"Mai kyau ne?"

"Ko huda ɗaya babu."

Na ƙyale shi muka wuce.

Daga inda kwalta ta ƙare, hanya ta koma taɓo da ramuka. Shinkafa ta yi kore shar hagu da dama, 'yan babur na wuce mu da jarkoki, kowa laka har gwiwa. A wani ƙauye muka sayi gari da ƙuli-ƙuli, mai tallar tana yi mini Dandanci, yaren mutanen bakin iyakar, tana tambaya ko naira zan ba ta ko sefa. Mun isa tunga da azahar. Surukai suka cika mu da tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, ba ni da abin cewa a kansu. Na ɗauki jaririyar, 'yar mitsitsiya, cibiya ba ta daɗe da faɗuwa ba, muka juyo tare da uwarta.

Bayan la'asar mota ta nutse a wani kwazazzabo har cikinta. Aka tura, aka haƙa, ta ƙi. Direba ya ce sai gobe in an samo shanu. Muka hau wani tudu ƙarƙashin darbejiya. Na shimfiɗa leda, na ɗora tabarma, na ninka bargo. Na bar ɗan nawa yana ɗaura gidan sauro, ni na tafi hura wuta don mai jego ba ta fashin wankan yamma ko a ina take. Tun safe nake cikin motar kifi, hancina ya riga ya mutu, ban ji komai ba.

Muka kwantar da yarinya a ciki, uwarta na bayan itace tana wanka, na ta da sallar magariba. Ina raka'a ta biyu na ji wata irin ƙara da ban taɓa jin jariri ya yi ba. Na yanke salla, Allah ya yafe mini. Kwarkwasa ce, layi baƙi ƙirin tun daga gindin itace, ta lulluɓe gidan sauron, ta bi ta ƙasa ta hau yarinya: wuya, bayan kunne, har fatar ido. Na fizge ta na tuɓe ta, ni da uwarta muna cirewa ɗaya bayan ɗaya, uwar na kuka da zane a ƙirji.

Da na kai gidan sauron hancina sai na gane. Maiƙo da ƙarni! Wanda matar ɗan nawa ke rufe bandar kifi da shi ne don ƙuda.

Autata ta ce, "Yaya, a cikin abin rufe kifi ka sa mini ɗiya?"

"Wallahi na kakkaɓe shi..."

"Rufe mini baki," na ce. "Ka kakkaɓe! Jikata ka mayar banda, kai wanga?"

Na jefa gidan sauron wuta. Muka matsa nesa, na zagaye shimfiɗa da toka mai zafi, na zuba ɗanyen ganyen darbejiya a wuta don hayaƙi, na rufe yarinya da mayafina. A zaune gari ya waye mini, ina fifita ta. Ɗan nawa kuwa can ya kwana a bayan mota, sauro ya yi abin da ya ga dama da shi, ban ko waiwaya ba.

Da hantsi wani Bafillace ya kawo shanun huɗa suka ja motar. Ba mu zarce gida ba sai da muka biya asibiti, don idon yarinyar ya kumbura ya rufe. Malamar asibiti ta ciro kan kwarkwasa biyu a fatar idon, ta ce Allah ya kiyaye bai taɓa ƙwayar ba.

Ku mata, ku ji ni. Kwanan daji ba ya son tsada. Tabarma da leda da tsohon bargo sun ishe ni, bayana bai yi ciwo ba. Amma abin da za a rufe ɗan mutum da shi, a saye shi sabo, kuma kada ki yarda da bakin namiji, ki sunsuna da kanki.

Mun iso Kende da yamma. Yanzu kumburin ya saɓe, yarinya tana shan nono, saura tabo a fatar ido. Kullum da safe ɗan nawa yana zuwa ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce, "Inna, ina kwana." Da ka nake amsawa. Ranar da tabon nan ya ɓace zan buɗe baki.