Makunnan da Na Sa wa Jif ɗin Alhaji

Cikin duk motocin da suka ratsa hannuna a shekarun da na yi ina aikin wayar mota a Abuja, akwai wata baƙar jif da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Ba ɓata aikin na yi ba. Aikin ya yi kyau ƙwarai, kuma kyan nasa ne yake damuna har yau.

Lokacin ina da rumfa a Kurudu, a bakin titi. Zamani ne da gari ya buɗe, ko'ina gini ake yi, ma'aikatan gwamnati kuma kowa ya samu hali sai ya sayi jif. Wata Asabar da hantsi wani dattijo ya tsaya da baƙar jif ɗin nan a gaban rumfata. Fari ne siriri, mai furfura a gemu, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, gidansa yana Orozo. Alhaji nake ce masa, shi kuma tun ranar farko ya laƙaba mini Injiniya.

Ya buɗe bayan motar ya nuna mini fitilu huɗu a kwali, biyu na kan bamba, biyu ƙanana na gefe. Ya ce, "Injiniya, waɗannan nake so ka ɗaura mini. Amma da sharaɗi. Ba na son makunnin nan na kasuwa mai jar fitila da kuke huda roba ku maƙala. Ina so duk wanda ya shigo motar nan ya ɗauka haka ta fito daga kamfani."

Abin ya yi mini daɗi, domin irin aikin da nake so ke nan. A gefen sitiyari akwai gurabe uku da kamfani ya toshe da murfin roba, na motocin da ba a sa wa wasu kaya ba. Na ce masa in na samo makunnan da suka dace da guraben, ko mai sayar da motar ba zai gane ba. Sai da na yi yini biyu ina yawo wajen masu kayan tsofaffin motoci a Apo kafin na samu guda biyu masu launi ɗaya da na asali, waɗanda hasken cikinsu kore ne kamar sauran.

Ranar da na fara haɗawa, Alhaji ya ƙi tafiya. Ya zauna a benci yana kallona ina zura waya ta ƙarƙashin kafet, ina naɗe ta da baƙin tef, ina sa wa kowace fitila fis nata don kada ta ƙone. Can sai makullinsa ya faɗi kusa da ƙafarsa ta hagu. Rana tsaka, makulli yana walƙiya a ƙasa, amma sai na ga ya duƙa yana lalube da tafin hannu. Na ɗauka na miƙa masa. Ya karɓa.

"Ka gani ko?" in ji shi.

Na ce, "Na gani, Alhaji."

Ya ce matsalar idon ta kai shekara. Gabansa yana gani sarai, gefe ne yake rufewa a hankali. Saboda cunkoson motoci a hanyar Nyanya, daga sallar asuba yake kama hanya, kuma ba ya dawowa sai bayan magariba, ga masu babur suna ɓullowa ta ko'ina, shi ya sa yake son ƙarin haske. Na tambaye shi ko ya ga likita. Ya yi murmushi ya ce tsufa ne kawai. "Saura mini wata goma sha huɗu in yi ritaya. In yaran nan suka ji, za su karɓe makulli su zaunar da ni. A ofis kuma ka san yadda ake. Ka rufa mini asiri, Allah ya rufa maka."

Na ce amin. A lokacin gani nake mutunci na yi masa.

Washegari babbar 'yarsa ce ta kawo shi ɗaukar motar, wata mai natsuwa da ke koyarwa a makarantar sakandare. Alhaji ya tsallaka masallaci, ita kuma ta leƙa cikin motar ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Malam, me aka gyara ne? Ni ban ga komai ba." Na nuna mata fitilun waje, tunda su ba sa ɓoyuwa. Sai ta dube ni ta ce, "Baba bai taɓa damuwa da ƙyale-ƙyalen mota ba. Ya gaya maka dalili?"

Har yanzu ina jin muryata a kunnena. Na ce, "Hajiya, ai wayarsu da makunnansu duk da su motar ta zo, fitilun ne aka cire kafin ya saya. Mayarwa kawai muka yi." Ta sake kallon makunnan nan da suka zauna daram, ta gyaɗa kai, ta yi mini godiya. Aikina ne ya gaskata ƙaryata.

Bayan kamar wata goma jif ɗin ta dawo, batir yana zuƙewa. 'Yar ce a sitiyari. Alhaji yana kujerar gefe da baƙin tabarau, sanda a tsakanin gwiwoyinsa. Na yi sallama, ya juyo da kunnensa wajena, ba fuskarsa ba.

"Injiniya ne?"

Na ce, "Ni ne, Alhaji."

'Yar ta ja ni gefe. Ta ce wata safiya ya goga motar da katangar gida, shi ne suka kai shi asibiti dole. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Da an zo da wuri, da maganin ɗigawa an tsare abin da ya rage. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, na tambaye ka fa." Hawaye suka zubo mata, ta goge da gefen mayafi ta daidaita murya don kada Alhaji ya ji.

Da na gama duba batir ɗin, Alhaji ya kama hannuna ya ce kada in ɗora wa kaina, shi ya roƙe ni. Na san gaskiya ya faɗa, amma ban samu sauƙi ba. Ban sake ganinsa ba. Daga baya na ji sun koma garinsu.

Abin da na koya shi ne, ba kowane rufin asiri ne alheri ba. Mutum yakan roƙe ka ka taya shi ɓoye abin da zai cutar da shi, kai kuma ka amsa saboda kunya ko girmamawa. Tun daga lokacin, in na ga lafiyar mutum ce a ciki, nakan gaya masa a gaban idonsa cewa aiki zan yi masa yadda yake so, amma in iyalinsa suka tambaye ni, gaskiya zan faɗa. Wasu sun yi fushi sun ɗauke motarsu, kuma ban taɓa yin nadamar hakan ba.