Baba Ƙasimu da Kifin Ifediora

Kowace safiya, in ya dawo daga masallaci, Baba Ƙasimu yakan tari ruwan famfo bokiti biyu ya ajiye a inuwar mangwaro. Ba ya taɓa su sai sun kwana biyu, warin maganin da ake sa wa ruwan ya fita. Daga nan sai ya shiga ɗaki, ya tsaya gaban akwatin gilashi, ya barbaɗa abinci ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Shekara tara ke nan yana haka, saboda kifin da ba nasa ba.

Kifin na maƙwabcinsa ne, Ifediora, abokin aikinsa a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Jajayen kifin ado ne guda bakwai, masu tumbi, wutsiyarsu na jan ruwa kamar mayafi. Da rikicin 1987 ya tashi, Ifediora ya kwashe iyalinsa zuwa garinsu na asali. Su biyu suka ciccibi akwatin suka tsallaka da shi katanga. Ya ce, "Ƙasimu, ka riƙe mini, sati biyu kawai. Kar ka ba shi tuwo fa!"

Bai ba su tuwo ba. Mutumin da aikinsa gyaran famfo ne ya koyi dafa wake ya ɓare ya murje wa kifin da cikinsa ya kumbura. Mun sha ganinsa, in wuta ta ɗauke injin iska ya tsaya, zaune da famfon keke yana hura wa ruwan iska tun daga azahar har la'asar. Afiniki mai sayar da citta takan leƙo ta ce, "Baba, kifi wanda ba a ci, mene ne amfani? Ka ba ni in sa a miya." Sai ya ce, "'Yata, bari mai shi ya dawo, ki roƙe shi da kanki."

Ana jajibirin wata Sallah, matarsa Kubra ta ga gilashin ya yi kore. Ta juye kifin a roba, ta wanke akwatin da sabulu da toka kamar yadda take wa tukwanenta, har yana ƙyalli. Kafin magariba huɗu sun juya ciki sama. Tana kuka, ya ce, "Laifina ne, ban taɓa gaya miki ba." Da hannunsa ya binne su a gindin mangwaron. Biyu kuma tsufa ya ɗauke su.

A 1994 wasiƙa ta zo daga Chinyelu, 'yar Ifediora: mahaifinta ya rasu. Muka ce to, Baba ya huta. Ya ce amana ba ta bin mai ita kabari, yanzu ta koma ta magada. Sau uku ni da nake malamin makaranta na rubuta mata amsa a madadinsa, ko ɗaya ba a mayar ba.

Baba, kai ne mai riƙon abin da mai shi ya manta. A shekarun da maƙwabta suka daina shiga gidan juna, kai ka tashi kullum kana yi wa maƙwabci hidima, ba ya gani, ba zai kuma gani ba.

Yanzu yanar ido ta rufe wa Baba gani. 'Ya'yansa za su mayar da shi Kachia, kuma shi da kansa ya ce jijjigar mota za ta kashe kifi ɗayan da ya rage. Na yi cigiya a ɗakin malamai, na yi a ƙofar masallaci, Afiniki ta yi a coci. Kowa ya yaba, ba wanda ya ce kawo. Ni ma da na tuna famfon keken nan, ban ce kawo ba, kuma ina jin kunyar faɗa.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka, tunda mu mun kasa. Wanda ya karanta wannan, in akwai sauran irin zuciyar nan a garinmu, gidan yana bayan tasha, mai mangwaro a ƙofa.

Gobe motar Kachia za ta zo. Yau da safe na same shi yana laluben famfo, ya tari bokiti biyu ya kai inuwa. Na ce, "Baba, na wane ne?" Ya ce, "Ruwan jibi ne, Malam. Ko wani zai zo."