Yanar da Baba Ya Jira Ta Nuna

Shekara bakwai ke nan da muka binne Baba a Rikoto, amma sai a daminar bana na san abin da ya makantar da shi. 

Baba tsohon soja ne. Da ya tuɓe kaki ya dawo gida ya kama fartanya, kuma ba mutum ne da ake gaya wa magana sau biyu ba. Lokacin da ganinsa ya fara raguwa, yakan yi karo da turmi, ya ture benci a coci, amma abin da ke gabansa sosai yake gani. Abokinsa na bariki, Baba Audu, ya taɓa yin yanar ido, aka ce ya jira ta nuna, ta yi fari, sannan a cire. Ya jira, aka cire, ya dawo yana karanta Littafi Mai Tsarki da kansa. Shi ke nan Baba ya sami abin riƙewa. Manomi ne, ya san ba a yankan dawa ɗanya, sai ya zauna jira.

Duk Lahadi bayan sujada sai ya kira ni tsakar gida, ya ɗaga fuska ga rana, ya buɗe ido da yatsu. "Rahila, duba mini, ta fara fari?" In duba in ce, "Baba, baƙi ne wuluk." Ya ce, "To, da saura." Har likitocin ido suka zo Zuru suna yi wa mutane aiki, ya ƙi zuwa, wai kada ya tare wa waɗanda tasu ta nuna layi. Duk unguwa aka yaba masa! Haka duniya ta yi ta tsuke masa kamar mai leƙe ta kafar ƙofa, har ta rufe. Ya rasu yana jira.

Ni tela ce. Bana zare ya fara ƙin shiga allura, na je asibiti neman tabarau kamar sauran sa'o'ina da suka haura arba'in. Likitar ta ce wannan shekaru ne kawai, tabarau ya isa. Amma da ta auna idon sai ta tambaya ko akwai wanda ya makance a gidanmu. Na ba ta labarin Baba, har da ɗan alfahari.

Ta ce, "Madam, wannan bai yi kama da yana ba. Ita yana takan dushe gani, a cire ta, mutum ya warke, kuma yanzu ba sai ta nuna ba. Abin da kika kwatanta ya fi kama da hawan jinin ido. Ba ya fari, ba ya ciwo, gefe yake fara ci, abin da ya ci kuma ya tafi ke nan. Maganin ɗigawa na tsayar da shi in an kama da wuri. Yana bin jini, kuma naki ya fara."

Ban san lokacin da na ɗora hannu a ka ba. Ashe duk Lahadin nan farin da ba zai taɓa zuwa ba muke nema? Ashe ɗan kwalban magani ne tsakanin Baba da duhu? Da yana raye ya ji wannan, na san kunya ce za ta fi damunsa, shi da ya ɗauka ladabi yake yi.

A kan hanyar gida wani abu ya faɗo mini. Da Kirsimeti na ga yayana Ishaku, da ke noma a Danko, ya miƙa hannu ya kuskure kofi da ke gefensa. Washegarin zuwana asibiti na hau mashin sai Danko. Na tarar matarsa ta riga ta saba duba masa ido a rana. Ya ce, "Baba ya jira, ni wane ne?" Ranar na ɗaga wa Yaya murya, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Kuka na yi ta yi har ya sa takalmi.

A asibiti aka rufe masa idon hagu, aka ce ya faɗi abin da yake gani da na dama. Ya ce su kunna fitila tukuna. Tsakar rana ce, taga a buɗe. Na hagun ne aka samu da saura, shi muke tsaro yanzu safe da yamma.

Mutane na cewa haƙuri Baba ya bar mana, kuma gaskiya ne, da shi muka tashi, da shi muke ci. Sai dai na ga inda haƙurin ya kusa cinye idon ɗansa, don haka duk wanda ya haura arba'in a zuriyarmu sai na kai shi an auna, ko ya so ko ya ƙi.

Ran nan da muka fito, Yaya ya tsaya a bakin ƙofar asibiti yana jujjuya kwalban maganin da aka ba shi a hannu. Can ya ce, "Rahila, ashe da mun kawo Baba nan, da ya ga fuskar 'ya'yana?"