Kwaɗayin da Ya Kai Baba Shagon Madam

Shekarar da aka fara shari'a a Jigawa ita ce shekarata ta farko a ɗakin aure. Muna haya a Yalwawa, ciki da falo, a wani gida da muke raba tsakar gida da iyalan wasu ma'aikata. Maigidana ƙaramin ma'aikaci ne a sakatariya, ni kuma ina koyarwa a firamare. Dutse a lokacin ba ta da wuraren zuwa. In an tashi daga aiki sai gida, ranar Juma'a kuma rabin ma'aikata su cika motoci su tafi Kano. Shi ya sa da wata mata 'yar Jos ta buɗe shagon askirim a kan hanyar sakatariya, maganar ta zaga gari.

Madam kowa yake ce mata. Mijinta yana aiki a ɓangaren ruwa, ita kuma tana da janareta da firiza, ga hannu mai kyau. Ba irin na kwali da ake kawowa daga Kano take sayarwa ba. Da kanta take yi, da madarar da Fulani suke kawo mata da safe, da kuma duk ɗan itacen da lokaci ya kawo kasuwa. Da bazara maigidana ya kai ni, muka tarar na mangwaro take yi. Ban taɓa sa abu mai daɗinsa a bakina ba. Rana tana dukan kwanon shagon, ni kuma ina zaune a kan bencin mata da ɗan kofin roba, ina lasa kaɗan-kaɗan don kada ya ƙare.

Da damina ta kankama sai laulayi ya kama ni. Cikin fari ne, ban gaya wa kowa ba sai maigidana. Komai na ci sai ya dawo. Ƙamshin miya ma ba na so, har sabulun wankana ya zame mini abokin gaba. Abu ɗaya kawai raina yake kira, askirim ɗin mangwaron nan. Na san mangwaro ya ƙare a kasuwa, amma na riƙa gaya wa kaina ai mai firiza ba za ta rasa ajiya ba. Ba ni da ƙarfin takawa, kuma a lokacin an fara yi wa macen da ta hau acaɓa wani irin kallo. Maigidana ya yi dariya ya ce zai biya ya taho mini da shi. Kafin ya biya aka tura shi wani kwas Kaduna.

Ana gobe zai tafi iyayensa suka iso daga Miga. Inna ce take fama da ƙafa, aka ce ta zo babban asibiti a duba ta, Baba kuma ya rako ta da niyyar ya juya da wuri, don gero ya kai lokacin maimai, wato noma na biyu. Baba manomi ne, dogo, marar yawan magana. Tsakanina da shi gaisuwa ce daga nesa, ina durƙushe, kaina a ƙasa. Bai taɓa kiran sunana ba. Malama yake ce mini, shi ma ta bakin Inna: a ce wa Malama kaza.

Inna ba ta kwana biyu ba ta gane halin da nake ciki. Ba ta ce komai a kan cikin ba, amma ta sa ni a gaba da tambayar me zan iya ci. Ta dama mini kunun tsamiya, ta yi fate, ta kwaɗa rama, duk na kasa. Wata rana da hantsi ta zauna a bakin gadona ta ce ba za ta tashi ba sai na faɗi abin da raina yake so, don ita ma ta haihu, ta san akwai shi. Na juya fuskata bango na faɗa mata a hankali. Sai da na maimaita, saboda kunnenta ya yi nauyi.

Mai nauyin kunne kuwa ba ya sanin ƙarfin muryarsa. Ina kwance na ji ta a tsakar gida tana gaya wa Baba, da muryar da har masu wanki a bakin rijiya suka ji, cewa yarinyar nan wani abu take so wai shi askirim, na mangwaro, a shagon wata Madam. Baba ya tambaya ko magani ne. Ta ce a'a, abin kwaɗayi ne, irin na masu wannan hali. Na ji matar maƙwabcinmu ta yi 'yar dariya ta haɗiye. Na ja zani na rufe kaina. Da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na gode mata.

Bayan azahar na ji shiru a inda tabarmar Baba take. Inna ta ce ya fita, ya ɗauki ƙaramar samirata mai murfi. Ban yarda ba sai da na leƙa na ga babu takalminsa. Dattijon da ko shayi ba ya sha a bakin titi, shi ne ya tafi a ƙafa yana tambayar mutane shagon askirim.

Sai bayan la'asar ya dawo. Ya naɗe samirar da gefen babbar rigarsa, ya miƙa wa Inna, ya koma tabarmarsa kusa da ƙofar falo. Inna ta shigo da ita tana murmushi, ta miƙo mini cokali ta tsaya a kaina. Na ɗaga murfin.

Ba ruwan ɗorawa na gani ba. Wani abu ne ruwan ƙasa, rabinsa ya narke, yana iyo a cikin wani mai duhu-duhu. Daga baya na ji yadda aka yi: Madam ta ce masa mangwaro ya wuce, na dabino da na tsamiya ne a ƙasa, shi kuma da bai san wanne zan fi so ba ya ce a zuba duka biyun a samira ɗaya. Dabinon damina ne, mai laushin nan da yake saurin yin tsami. Warinsa ya fara isa hancina kafin cokalin. Don idon Inna na kai baki. Ban san lokacin da na tashi ba. Ban kai bayan gida ba, a tsakar gida na amayar, dab da tabarmar Baba, har sai da ya janye ƙafarsa.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma da na koma ɗaki sai kuka ya ƙwace mini, kuka mai sauti irin na yara, ina cewa ba shi ba ne, ba shi ba ne. Ni da nake tsawata wa 'yan aji kan kukan banza. Labule ne kawai tsakanina da Baba. Na ji ya yi gyaran murya ya ce wa Inna:

"A ba Malama haƙuri. Ni ne ban iya sayen ba."

Wannan maganar ta fi aman ciwo a wurina. Na roƙi Inna ta gaya masa na haƙura, na ma daina so. Ta ce to, amma na san ba ta faɗa ba, ko ta faɗa bai ɗauka ba, don washegari da safe ya sake fita.

Wannan karon tare da Madam ya dawo. Ta bar shagon a hannun ƙanwarta, ta shigo da kula a hannu, tana sallama da Hausarta ta mutanen Jos. Ta gane ni nan take. Ta zauna a gefen gado tana ba ni labari tana dariya, ita a ganinta abin sha'awa ne. Wai jiya Baba ya tsaya a bakin ƙofar shagon ya cire takalmi, ya yi sallama kamar zai shiga zauren malami. Da ta ce ya shigo, sai ya tsaya ya yi mata bayani tiryan-tiryan: shi daga Miga yake, matar ɗansa ce ba ta jin daɗi, malamar makaranta ce a Yalwawa, mijinta yana sakatariya a ofishi kaza. Bai ambaci ciki ba, amma babu wanda bai gane ba. Na tambaye ta ko da mutane a shagon. Ta ce ai lokacin tashi daga aiki ne, a cike yake, har da abokan aikin maigidana, har da matar hedimastanmu.

Sannan ta buɗe kular. Ta kawo mini duk abin da take yi a daminar, kowanne a kofinsa, ko Allah zai sa wani ya shiga. Na dabinon zaƙinsa ya yi yawa, kuma yana barin wani ɗanɗano a maƙogwaro kamar abin da ya kwana. Na tsamiyar ya tsinke madarar, sai gudaji-gudaji. Akwai kuma wani sabo da take gwadawa na ɗanyar masara, wanda a bakina bai wuce kunun da ya huce aka manta da shi ba. Na riƙa taɓa kowanne da bakin cokali ina cewa da daɗi, sannu da ƙoƙari.

"Malama, bar wahalar da kanki," in ji ta. "Fuskarki ta riga ta faɗa. Ni ma na san damina ba lokacina ba ne."

Ta ce ba ta ajiye mangwaro, don wutar Dutse ba ta da tabbas, kuma na gwangwani in an yi da shi ƙarfe-ƙarfe yake yi a baki. Amma da za a samo mata ko 'yan kaɗan ne, za ta yi mini. A tsakar gida ta sake faɗin wannan maganar lokacin da take sallama da Inna, kuma Baba yana zaune.

Na yi zaton ranar zai koma Miga, don likita ya gama da Inna, an ba ta magani. Bai koma ba. Ya ce a jira ranar kasuwar Shuwarin, can wajen Kiyawa, ko masu kawo kaya daga kudu za su zo da ragowar mangwaro. Inna ta tuna masa gona, ya ce gona ba za ta gudu ba. Ruwa kuwa kullum sai an yi, kuma ko ni da ban taɓa riƙe fartanya ba na san abin da ciyawa take yi a irin wannan lokaci.

A cikin kwanakin jiran nan abin da ban zata ba ya faru. Na tashi wata safiya na ji askirim ya fita daga raina fit, kamar ban taɓa saninsa ba. Ko tunaninsa na yi sai zuciyata ta tashi. Abin da nake so yanzu ƙanzo ne, ƙanzon tuwon da Inna take kankarewa daga gindin tukunya ta shanya a kan faifai. Na jiƙa shi da ruwa da ɗan gishiri da yaji, na ci na ƙoshi, ya zauna. Yana nan a bakin murhuna tun ranar da suka zo. Inna ta yi murna ta ga ina ci, amma na kasa gaya mata ɗayan ya fita raina. Da wane baki zan ce wa dattijon da ya bar gonarsa ya zauna jiran kasuwa saboda ni, na fasa?

Ya je Shuwarin, ya yini. Ya dawo rigarsa a jiƙe da wasu 'yan mangwaro a ƙullin leda, ƙanana, masu baƙin tabo, irin na ƙarshen lokaci da ruwa ya daka. Bai shigo da su gida ba ma, kai tsaye shagon ya kai. Madam ta ce da ta yanka rabi duk tsutsa ne, da ragowar ta yi ɗan abin da bai cika kofi ba. Ita ta kawo da kanta washegari.

Launin ya yi kama da na bazara, amma iyakarsa ke nan. Tsami gare shi, ga zare-zare yana maƙalewa a haƙori. Ko da ya yi daɗin ma ba na so. Inna tana tsaye, Madam tana tsaye, Baba yana bayan labule yana jan carbi, na san kunnensa yana ɗakin. Na shanye shi tas, ina haɗiyewa da ƙyar ina addu'a a zuci kada ya dawo. Allah ya taimake ni ya zauna. Inna ta ɗaga murya ta ce masa na shanye. Na ji ya ce alhamdu lillahi, sannan ya ce to a haɗa kaya.

Da za su tafi na kasa fitowa in yi musu rakiya. Daga bayan labule na durƙusa na yi godiya. Bai amsa mini kai tsaye ba, yadda ya saba. Ya ce wa Inna a ce wa Malama ta riƙa cin abinci, Allah ya raba lafiya. Wannan ne karo na farko da wani ya ambaci abin a fili, kuma daga bakinsa ya fito.

Da na koma makaranta matar hedimasta ta aiko a tambaye ni ya jiki, ya kuma mangwaro. Malamai mata suka riƙa yi mini murmushi. Maigidana ma da ya dawo daga Kaduna, tun kafin ya iso gida aka tare shi a ofis da labarin, kowa da irin nasa ƙarin. Ya shigo yana dariya yana so in ba shi na gaskiyar, na ce ya tambayi waɗanda suka fara gaya masa.

Dariyar ba ta daɗe ba. Wani ɗan garinsu ya zo Dutse ya gaya masa ciyawa ta ci ƙarfin gonar Baba ta gabas, shi kaɗai yake fama da ita, maƙwabta duk sun gama maimai. Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci maigidana ya hau mota ya tafi Miga. Ya dawo ranar Lahadi da yamma, wuyansa ya ƙone da rana, tafin hannunsa duk ya yi bororo ya fashe, don rabonsa da fartanya tun yana sakandare. Na dafa ruwa na zuba gishiri na kawo masa a roba, ya tsoma hannuwan yana cije leɓe, ni kuma na zauna a gefe ina kallon ƙasa har ruwan ya huce.